Sunan da Tsohuwar Sentul Ta Ƙi Faɗa

Tun ranar da Baban Afnan ya fara magana da mutanen nan ta waya na ce a raina akwai lauje cikin naɗi. Shi ma daga baya ya fi ni zarginsu, duk da cewa shi ya fara rawar kai a kansu.

Lokacin kullen korona ne, shekara ta biyu, muna zaune a wani bene mai tsawo a unguwar Wangsa Maju da ke Kuala Lumpur, ni da shi da 'yarmu Afnan mai shekara huɗu. Ba fita sai sayen abinci a kantin ƙasa. Ɗaki biyu ne da falo, falon kuma ya zama ofishinsa, saboda haka ko ina so ko ba na so sai na ji karatunsa. Ni da ban taɓa taka Indiya ba, na haddace tarihin Baskar Telang kamar kawuna ne.

A kan wannan mutumin yake rubuta kundin digirinsa na uku. Ɗan malamin makaranta ne, Turawa suka ɗaure shi tun yana saurayi saboda zanga-zanga. Bayan yaƙin duniya na biyu ya tsallako ƙasar nan, lokacin ana ce mata Malaya, ya haɗa kan 'yan ƙasarsu da ke aikin gonakin roba, Turawan nan ma suka kama shi suka sa shi a jirgin ruwa suka mayar. Can gida ya shiga majalisa, ya yi ministan ƙwadago, ya ajiye muƙamin ranar da aka harbi masu yajin aiki, ya kafa jam'iyyarsa, ya faɗi zaɓe, ya sake tashi, ya mutu a ɗaki ɗaya da riguna biyu. Abin da aka fi yabonsa da shi kuwa, bai taɓa aure ba. Wai a gaban dubban mutane ya ce ƙasar ce matarsa. Ni dai namijin da zai ce ƙasa ce matarsa ban yarda da shi ba, don ƙasa ba ta tambayar cefane.

Matsalar ita ce zamansa na Malaya. Babu wanda ya rubuta abin kirki a kai, kuma shi ne babi na huɗu, wanda Baban Afnan ya yi wa malamarsa alkawarin zai kawo sabon abu a ciki. Ya shirya zuwa Delhi ya bincika tsofaffin takardu, annoba ta rufe hanya. Tallafin gwamnatin da ya kawo mu zai ƙare ƙarshen shekara. Malamar, Farfesa Zaharah, ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in babu babin nan ba zai zauna gaban masu jarrabawa ba. In bai zauna ba kuwa, babu abin da zai riƙe mu uku a Kuala Lumpur.

Ana cikin haka wani ya amsa cigiyar da ya sa a shafin wata ƙungiyar Tamilawa, wato 'yan asalin Indiya da ke zaune a nan. Ya ce sunansa Baskaran, ma'aikacin otal ne a Bukit Bintang, an rufe otal ɗin yana zaune a gida a unguwar Sentul. Kakarsa Kamalam ta haura casa'in, kuma a gidan mahaifinta Telang ya ɓuya a gonar roba.

Na ce, "Baskar, Baskaran. Ko sunan ma bai yi nisa ba wajen aro."

"Larai, ke komai sai kin kawo zargi," in ji shi.

Aka fara hira ta bidiyo. Tsohuwa 'yar ƙarama, a zaune kan kujerar roba, farin gashi, ido tar. Tamilanci take yi, jikan yana mayarwa Turanci, Baban Afnan yana naɗar murya a ɗaya wayarsa. Ni kuma ina daga kicin ina jin komai, don ƙofar ba ta rufuwa sosai.

Labari kam tana da shi. Ta ce ba ya cin abinci sai ya tabbata leburori sun ci. Ta ce kafin taro yakan shiga cikin bishiyoyin roba ya yi musu jawabin tukuna, in ya yi kuskure ya ba bishiya haƙuri. Barkonon Malaya yana sa shi shaƙuwa. Tabaransa da zare yake ɗaure, kuma mutumin da ya tsaya gaban bindigar Turawa, wai kare ne ba ya so ya gani. Baban Afnan yana ta rubutu yana murmushi. Ni kuwa na ce wannan ai ba siyasa ba ce, kowa zai iya ƙirƙira ya jingina wa matacce.

Farfesa Zaharah ce ta fara ɗago abin. Ta saurari muryoyin da ya tura mata, ta kira shi, ina ji tana cewa, "Tajuddeen, a ina matar nan ta ambaci sunansa?"



Ta ce duk inda sunan Telang ya fito, muryar jikan ce. Tsohuwar "shi" kawai take cewa, ko "mutumin nan". Ta ce tana iya yiwuwa wani daban take nufi, jikan yana liƙa sunan. Sai an ji sunan daga bakinta, a cikin naɗin, sannan za a karɓi shaidar.

Daga ranar ya canza. Ya koma kan muryoyin yana bi ɗaya bayan ɗaya, ya samo wani ɗalibi Batamile ya saurara masa. Gaskiyar Farfesa ce. Har ya gano wani abin da ya fi wannan: a duk hirarrakin, tsohuwar ba ta taɓa kiran jikan da sunansa ba.

"Kin gani ko?" ya ce. "Wace kaka ce ba ta san sunan jikanta ba? I'm telling you, ɗauko ta ya yi. Wata tsohuwa ce a unguwa yake koya mata."

"Me zai samu?"

"Mutum ba aiki, Larai. Yau labari, gobe ya ce ba ta da lafiya. Ko kuma so yake sunansa ya shiga littafi."

Na ji daɗi da ya dawo hanyata, ba zan ɓoye ba. Ni na ba shi shawarar ya gwada ta. A hira ta gaba ya ɗaga hotunan mutum uku a gaban waya, ya ce ta nuna wanda ta sani. Ta kalla sau ɗaya, ta sunkuyar da kai, ba ta nuna kowa ba. Sai ya fito fili ya ce, "Baskaran, ka ce mata ta faɗi sunan mutumin da bakinta."

Jikan ya faɗa mata. Na leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Tsohuwar ta ja gefen zaninta ta rufe kai, ta kawar da fuska gefe, ta yi gum.

"Ta gaji ne, Mista Tajuddeen," in ji Baskaran. "Haka take. Ni ma ban san dalili ba."

Da aka kashe wayar Baban Afnan ya jefar da biro. Ya ce an yi wasa da hankalinsa wata da watanni. Ya ce hira ɗaya ta rage, zai gaya musu abin da ke ransa, daga nan kowa ya kama gabansa. Na ga idonsa ya yi ja, tausayinsa ya kama ni, don na san ba su kaɗai yake jin haushi ba.

Washegari da hantsi Afnan tana karatunta na yara ta kwamfuta, aka kawo musu sabuwar malama. Ita ba ta san ana ce mata Afnan ba, sai ta karanto sunan da ke takarda. Yarinya ta ji abu sabo, ta taso da gudu cikin falo tana tsalle.

"Azumi! My name is Azumi! Daddy, Azumi!"

Sunan mahaifiyarsa ne. Shi aka sa mata ranar suna, shi ya sa muke kiranta Afnan, kuma tun da aka haife ta ban taɓa jin ya furta shi ba. Ya sunkuyar da kai, ya kawar da fuska gefe, ya ce a hankali, "Ke, ya isa."

Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallonsa. Wannan kawar da kan na gan shi jiya, a fuskar wata. Sai na tuna mahaifiyata, wadda ta zauna da mahaifina har ya koma ga Allah ba ta taɓa cewa Yahuza ba. Ɗan maƙwabtanmu mai wannan suna, "mai sunan Malam" take ce masa har ya yi gemu.

Na ce, "Baban Afnan, matar nan ba ƙarya take ba. Mijinta ne."

"Wa?"

"Telang ɗinka. Alkunya take yi masa. Jikan kuma sunansa aka mayar, shi ya sa ba ta kiransa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, dariyar da ta ba ni haushi. "Larai ke nan. Wannan ai tamu ce. Ina Ba'indiya ta san alkunya? Ke ba kya ganinsu a fim, mace ta hau kan dutse tana ƙwala wa saurayi kira da sunansa? Kuma mutumin da duniya ta shaida bai yi aure ba?"

Shekara huɗu yana karanta Indiya a littafi, amma matan Indiya a fim ya san su, kamar kowane Bahaushe. Na ce to, ni dai a bar ni na zauna a hirar ƙarshe. Ya ce in zauna mana, in ga yadda zai kunyata su.

Ranar na sa hijabina na zauna gefensa. Kafin ya buɗe baki na riga shi. Na gaishe da tsohuwar na ɗan rusuna, ta ɗago tana kallona da mamaki, don ba ta taɓa ganina ba.

Na ce, "Mista Baskaran, me kakarka take ce maka?"

"Kannu," ya ce. "Kamar a ce idona. Tun ina jariri."

"Wa ya sa maka suna?"

"Ita ce. Ta ce saboda tana girmama shugaban."

"Kakanka fa?"

"Ya mutu kafin a haifi babana. Ba a maganarsa a gidanmu."

Baban Afnan ya daina kaɗa ƙafa. Na ce wa Baskaran ya gaya mata, a garinmu uwata ta yi zaman aure har ta tsufa ba ta taɓa faɗin sunan mahaifina ba.

Ya fassara. Tsohuwar ta matso da fuskarta kusa da waya tana ƙare min kallo, irin kallon da ake yi wa mai tallan da ba a yarda da mudunta ba. Ashe ita ma zarginmu take yi tun farko. Ta nuna Baban Afnan da yatsa ta yi magana.

Baskaran ya ce, "Tana tambaya, wannan da ke gefenki, mene ne sunansa?"

Wallahi na buɗe baki zan faɗa, don ni ba irin su uwata ba ce, a fasfo da asibiti ina faɗa. Amma a gaban tsohuwa, shi kuma yana zaune, sai harshena ya ƙi. Na ji kaina na ce, "Baban Afnan."

Baskaran ya ce, "A'a madam, sunansa take nufi." Tsohuwar ta daki hannunsa, ta fashe da dariya, bakinta ba haƙori ko ɗaya. Ta yi dariyar har ta koma share ido. Sannan ta sa hannu cikin wuyan rigarta ta jawo wani zare rawaya da ya koɗe, da ɗan ƙaramin zinare a jiki. Daga baya na ji cewa shi ne abin da ango yake ɗaura wa amarya a wurinsu, kuma ana kwance shi ranar da miji ya mutu.

Ta fara magana, ba ta kallon kowa sai ni. Baskaran yana fassarawa, muryarsa tana raguwa.

Ta ce a ɗan wurin bautar da ke cikin gonar aka ɗaura musu aure, daga mahaifinta sai mai ɗaurin. An ɓoye ne don Turawa suna neman duk wanda ya raɓe shi. Ba a rufa shekara ba aka kama shi, tana da ciki. Da ta haihu aka rubuta sunan kawunta a matsayin uban yaron. Bayan ya shiga majalisa ya aiko mutum, ya ce ta yi haƙuri a gama zaɓe zai sa a kawo ta. Aka gama, wani zaɓen ya taso. Mutumin ya zo sau biyu ko uku, daga nan bai ƙara zuwa ba.

"Ta ce a rediyo ta ji mutuwarsa," in ji Baskaran. "Ta ce ba wanda ya zo ya kwance mata zaren, don ba wanda ya sani."

Ya tsaya. Ya juya yana kallon kakarsa kamar yau ya fara ganinta. Ta ƙara wata magana, ta zungure shi ya faɗa.

"Ta ce kada a rubuta. Ya gaya wa mutanen ƙasarsu ba shi da mata, sun yarda da shi saboda haka. Ta ce ba ita za ta mai da shi maƙaryaci ba. Ta ce ke ta gaya wa, don ke kin san abin."

Sai hoton ya ɗauke. Ba abin da ya rage sai ɗaya wayar da ke kan tebur, wadda jan ɗigonta yake nuna har yanzu tana naɗa. Baban Afnan ya sa yatsa ya tsayar da ita.

Daga nan zargina ya tashi daga Sentul ya dawo cikin gidana. Na san mijina. Abin da ke cikin wayar nan ya fi sunan da Farfesa take nema nesa ba kusa ba. Ba babi ba, littafi guda ne, irin wanda ake kiran mutum ƙasashe ya yi bayani. Kwanaki yana sa abin kunne yana saurara, yana buga kwamfuta, in na gifta ya rage hasken allon. In ya shiga wanka sai na duba ko ya tura wa Farfesa. Kuma gaskiya ni kaina ban san me nake fatan gani ba. Ina jin nauyin tsohuwar, don ni ta kalla ta yi maganar. Ina kuma son mu koma gida tare, da digirin a hannu, na huta da tambayar dangi.

Na kasa haƙuri na ce, "Me kake rubutawa?"

"Aiki."

"Ta ce kada a rubuta."

"Na ji ta, Larai. Da kunnena na ji." Ya ce tarihi ba na mutum ɗaya ba ne, mutane suna da hakkin su san wanda suka yi wa gumaka a tituna. Ya ce za a iya sauya mata suna. Na ce a Sentul tsohuwa nawa ce ta haura casa'in da jika Baskaran?

Ranar Juma'a da yamma ya kira mahaifiyarsa a Zariya kamar yadda ya saba, ya sa a sifika don Afnan ta gaishe ta. Shi ne ɗanta na fari, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

"Kai ne?" ta ce. "Ya mutanen gidan? Ya annobar?"

Suka gaisa. Can sai ya ce, kamar da wasa, "Inna, in aka ce sai kin faɗi sunan Baba a gaban mutane za a ba ni digirin nan, za ki faɗa?"



"Wace irin magana ce wannan?" in ji ta. "Sai dai ka koma ka sake karatun."

Ya yi 'yar dariya, suka yi sallama. Ya daɗe zaune da wayar a hannu. Sannan ya ɗauko ɗayar, ya kira ni na zo na tsaya a kansa, ya buɗe naɗin ƙarshe ya goge a gabana. Ya shiga inda gogaggun abubuwa suke taruwa ya sake gogewa, don ya san halina. Ya buɗe kwamfuta ya share shafukan da ya buga.

Farfesa Zaharah ba ta ji dalili ba, don bai gaya mata ba. Ya ce mata shaidar ba ta tsaya ba. Ta ce to sai ya jira a buɗe Indiya ya je ya nemi takardu, shekara guda ke nan aƙalla. Tallafi ya ƙare a lokacinsa. Ya samu gado a ɗakin wasu ɗalibai a Setapak, ni da Afnan kuma aka yanka mana tikitin Kano.

Ana gobe za mu tashi mai gadi ya kira, wai akwai saƙo a ƙasa. Na sauka na tarar da Baskaran a kan babur, da takunkumi a fuska, ya rame. Ya miƙo min tapau, wato ƙunshin abinci, alawar madara ce a ciki mai ƙamshin man shanu.

"Ta ce a ba matar mutumin nan," ya ce. "Na roƙe ta ta faɗa min sunan sau ɗaya, ni kaɗai, ba waya. Hannu kawai ta ɗora a kaina."

Shekarar nan na sha wuya a gidan surukai, ni da yarinyar da ba ta jin Hausa sosai, ga masu tambaya kullum yaushe Dakta zai dawo. Har yau in muka yi faɗa ina yi masa gorin shekarar nan. Amma ban taɓa ce masa da ma bai goge ba.